Ranar da Ozella Crump Ta Ba Alƙali Waƙa

Duk wanda ya tashi a Maddox Bend ya san muryar Ozella Crump tun kafin ya san fuskarta. Murya ce mai kauri, mai ɗan tsatsa, irin wadda in ta fito ta tagar coci sai karnukan ƙetaren titi su ɗaga kai. Ita ce mai ba da waƙa. A cocinsu ba a buɗe sujada da ganga ko piyano. Mutum ɗaya ke miƙewa a gaban bencin iyaye mata, ya faɗi baiti da sauri kamar mai isar da saƙo, sai jama'a su ɗauka su ja shi a hankali, su yi ta lanƙwasa shi har numfashi ya ƙare, sannan ya ba da na gaba. Haka aka gada tun zamanin da doka ta hana baƙar fata karatu, ɗaya ya riƙe kalmomin a ka, saura su yi amshi. Abin yana da ƙa'idarsa, kowa ya sani. Mai ba da waƙa ba ya gaya wa kowa wadda zai bayar, ko da fasto ne. Jama'a kuma ba sa barin baiti a ƙasa. In an ba ku sai kun ɗauka, ko kuna so ko ba kwa so.

Ozella ba ta gaji komai ba sai wannan. A gonar wani aka haife ta, a ɗakin wani, ta tsinci audugar wani tun buhun ya fi ta tsawo. Da inji ya ƙwace tsintar auduga sai ta koma masana'antar tarwaɗa, inda mata ke tsayuwa cikin sanyi suna feɗe kifi daga safe har ƙafa ta mutu. Can ta baro yatsunta. Har yau ba sa miƙewa, in ta nuna ka sai ka rasa ko kai take nufi ko na kusa da kai. Haƙorinta na gaba kuwa a matakalar kotu ta bar shi tana budurwa, ranar da suka je rajistar zaɓe wani ɗan sanda ya ga tsayuwarta ta cika miƙewa. 'Yarta Renita ta yi ta fama a sa mata na roba, ta ƙi. Wai giɓin shi ne katin zaɓenta.

Ta auri Cleotis Crump, makanikin tarakta, mutumin da zai wuni bai ce uffan ba in dai ba a taɓa masa akwatin kayan aiki ba. Ta sha faɗa a gaban mutane cewa ita fa ƙasa ta aura, Cleotis gyara aka ba ta. Shi kuma ko ɗago kai daga inji ba ya yi, sai ya ce ai gyaran ma har yanzu ya fi ƙarfinta. Ƙasar ta dangin Crump ce, kakan kakansa ya saya bayan an 'yanta bayi. Akwai gona, akwai tafki mai itatuwa tsaye cikin ruwa, sai wani ɗan tudu can ƙarshe inda suke binne matattunsu, don nan ne kaɗai ambaliya ba ta kaiwa. Tsohon ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, kuma da gangan. A saninsa kotu wuri ne da baƙar fata ke shiga da abu ya fito hannu rabbana, shi ya sa ya ja kunnen 'ya'yansa kar sunan ƙasar nan ya taɓa shiga ginin can. Suka bi maganarsa, 'ya'yansu ma suka bi. Ƙasa ta zama ta kowa, har jikokin da aka haifa a Chicago waɗanda ba su san ta ina ake zuwanta ba. A ganinsu sun ɓoye ta ke nan. Ashe a buɗe suka bar ta.

Yawancin waƙoƙin da Ozella ke bayarwa na lallashi ne, na gajiyayyu masu jiran hutu. Amma akwai guda ɗaya da ake kira Zaman Shari'a. Tsofaffi ne suka ciro ta daga zabura, suka yi ta taunawa har ta koma irin maganar bakinsu. A cikinta Allah ne da kansa yake shigowa kotu, ya kira masu mulki da alƙalai, ya tsayar da su a gurbin masu laifi. Ba a ba da ita don daɗin murya. In ka ji ta tashi, to ƙarar wani aka kai, kuma kowa ya san ko wane ne. Ozella ta ba da ita lokacin da aka fito da gawar wani saurayi daga gidan yari aka ce wai rataye kansa ya yi. Ta sake ba da ita da masu mulkin gunduma suka rufe ɗakin shan maganin talakawa. Cleotis bai taɓa son waƙar ba. Yakan ce ita kam tana ta shigar da ƙara a sama kamar tana da lauya a can, alhali ko ɗaya ba a taɓa yanke mata ba. Sai ta ce masa ba korar ƙarar aka yi ba, layi ne da tsawo.

Sai kuma Wendell Sykes. Maraya ne, kakarsa ta rene shi, a ƙarƙashin bencin iyaye mata ya yi rarrafe. Duk coci Gyaɗa ake ce masa saboda ƙirar kansa. Ozella ce ta koya masa amshi, da murɗe kunne in ya riga jama'a shiga. Ƙwaƙwalwa kam yana da ita, ba a musu. Da ya samu gurbin karatun lauya, matan cocin suka yi ta soya kifi a bakin titi duk Asabar har ya gama. Ranar da aka zaɓe shi alƙali da ƙuri'a, baƙar fata na farko a kujerar nan tun da aka kafa gundumar, Ozella ta taka rawa a tsakiyar titi da takalmin robarta na wurin aiki. Ta ce yau ginin can ya zama namu.

Ba a daɗe ba wani jikan Crump a Chicago, wanda bai taɓa taka Maddox Bend ba, ya sayar da kasonsa ga wasu attajirai daga Memphis masu ƙungiyar harbin agwagin daji. Tafkin suke so. Suna zama masu kaso suka garzaya kotu, suka ce ba za su iya zaman tarayya ba, a sayar da duka a raba. Shari'ar ta faɗo gaban Wendell. Dangi suka yi ajiyar zuciya, har wasu suka fara yi wa attajiran dariya. Lauyan dangi ya ce doka ta ba alƙali dama ya yanka wa baƙin 'yar kusurwarsu ya bar wa masu gida saura. Wendell ya saurari kowa cikin ladabi, ya kira Cleotis Baba a gaban kotu, sannan ya ce doka ta ɗaure masa hannu, ƙasar ba ta rabuwa ba tare da hasara ba, a yi gwanjonta gaba ɗaya. Wa zai ja da mutanen Memphis a gwanjo? Kafin shekara ta zagayo an kewaye wurin da waya, an kafa ƙofar ƙarfe da kwaɗo a bakin hanyar tudu. Da sanyi ya shigo sai ga hoton mai shari'a a jaridar gari, cikin kayan farauta, riƙe da agwagi ta wuya, a bakin tafkin da Cleotis ya koya masa jefa ƙugiya.

Lahadin da ta biyo baya duk coci ya zuba ido. Ozella ta miƙe ta ba da waƙar gajiyayyu. Cleotis ne ya roƙe ta. Ya ce ɗan gida ne, ba a kai ɗan gida ƙara, su suka soya kifin da ya mai da shi alƙali, in sun tsine masa hannunsu suka tsine wa. Ta haɗiye. Suka koma wani ɗan gidan haya a bayan coci, shekaru suna wucewa tana haɗiyewa, har mutane suka ɗauka ta manta. Wadda ke zama kusa da ita a benci ta san ba ta manta ba, don duk aka ambaci sunan Wendell sai maficinta ya tsaya cak.

Cleotis ya mutu cikin watan Oktoba, da safe, yana zaune a baranda yana shan kofi. Bai bar dogon bayani ba, da ma bai saba ba. Abu ɗaya ya yi ta maimaita mata tun da ƙirjinsa ya fara ciwo: a kwantar da shi a tudu kusa da uwarsa, kar a kai shi maƙabartar gari da ke bakin babban titi. Shi da ya ƙare rayuwarsa cikin ƙarar inji, yana so kunnensa ya huta. Aka kai gawar wurin masu shirya jana'iza, aka sa Asabar ta sama don 'yan Chicago da Detroit su samu isowa. Renita ta je wurin manajan ƙungiyar neman mabuɗi. Ya tarbe ta da fara'a, ya ce ziyara ba matsala in an sanar da wuri, amma sabon kabari kam a'a, masu wurin ba su yarda ba, ga lokacin farauta ya matso. Lauya ya shigar da roƙon gaggawa a kotu, aka sa Litinin. Gaban wa? Gaban Wendell. Kuma kamar da gayya, zaɓe ya ƙarato, mai shari'a yana zagayen coci-coci neman ƙuri'a, Lahadin nan kuma layi ya zo kan cocin da ya rene shi.

Ranar Juma'a da yamma Fasto Gaines ya zo gidan Ozella. Ya zauna a kujerar Cleotis, ya ga kallon da ta yi masa, ya tashi ya koma kan matakala. Ya fara da kewaye-kewaye. Mai makoki ai hutu ya kamace ta, ga Dattijo Purvis can a shirye yake ya ba da waƙa wannan makon. Ozella ta ce in Purvis ya ba da waƙa, mala'iku ma sai sun duba agogo. Fasto ya yi dariyar dole, sannan ya fito fili. Ya yi magana da mutanen alƙali. Ba su yi alkawari ba, amma sun nuna in aka karɓe shi hannu bibbiyu, aka ɗauki hoto, Litinin ba za ta yi wuya ba.

"Hoto da wa?" in ji Ozella.

"Da ke mana, Mama Crump. Ai ke ce cocin nan."

"Ni ce cocin, shi ya sa kake so in zauna in kama bakina."

Renita ce ta karɓe zancen. Ma'aikaciyar jinya ce a Jackson, ba ta da lokacin noƙe-noƙe. Ta durƙusa gaban uwar, ta kama hannayen nan da ba sa miƙewa.

"Mama, ba don Gyaɗa ba. Ni ma in na gan shi ji nake kamar in shaƙe shi da baƙar rigarsa. Amma Baba yana cikin firjin gawa. Ki bari ya shiga ƙasa tukuna. Bayan nan ki ba da duk wadda kika ga dama, ni zan fara ɗauka."

Ozella ta juya ta kalli titi. Can ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa waƙar da za ta bayar ba, amma yau za ta karya ƙa'ida saboda Cleotis, ta gajiyayyu za ta bayar. Kuma har ga Allah haka ta nufa. Ranar Asabar tana goge farar rigarta tana rera ta ƙasa-ƙasa, don bakinta ya saba.

Lahadi coci ya cika har da masu zuwa shekara-shekara. Wendell ya iso da wuri, shi da matarsa da wata mai kyamara. Ya yi ƙiba, furfura ta yi masa kyau, kan dai yana nan yadda yake. Bai wuce wurin zaman baƙi ba sai da ya biyo ta bencin iyaye mata, ya sunkuya ya sumbaci kumatun Ozella, yana ƙamshin turare mai tsada. Ya ce rasuwar Baba Cleotis ta girgiza shi, ba zai manta da safiyoyin da suka yi tare a bakin tafki ba. Ya faɗa idonsa da ƙwalla, kuma ƙwallar gaske ce, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da ma a nan ya tsaya. Sai ya dafa kafaɗarta ya ƙara da cewa, "Mama, abin da ya wuce ya wuce. Ki bar wa Allah komai."

Ta ɗago ta kalle shi. Mai kyamara ta ɗauka.

Lokacin buɗewa ya yi, coci ya yi tsit. Ozella ta dafa benci ta miƙe. Tana jin idon Renita a ƙeyarta. Ta ja numfashi, kalmomin waƙar gajiyayyu suna nan kan harshenta tsaf. Sai ta ga Wendell ya gyara zama a kujerar gaba, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya lumshe ido yana jiran a lallashe shi.

"Ubangiji ya shigo kotu, ya hau kujerar da ba a zaɓa."

Da sauri ta faɗe shi, yadda ake bayarwa. Baitin ya fita ya tsaya a tsakiyar coci, ba wanda ya ɗauka. Fasto Gaines ya zuba wa takalminsa ido. Dattijo Purvis ya buɗe baki ya mayar ya rufe. Mutanen nan duk sun san gawar da ke jira, kuma da yawansu suna da wata maganar gado ko ta riƙon 'ya'ya a gaban mutumin nan. Tun da aka gina cocin ba a taɓa barin baiti a ƙasa ba sai ranar. Ozella ta tsaya ita kaɗai. Ba ta da ikon mayar da shi ciki, ba ta da ikon ba da na gaba.

Sai murya ta taso daga kujerar gaba. Wendell ne, ko ido bai buɗe ba. Ya ɗauki baitin daga farkonsa, ya ja shi a hankali, ya lanƙwasa shi daidai inda ake lanƙwasawa, bai riga ba bai makara ba, yadda ta koya masa. Duk cocin ba wanda ya kai shi iya ta. Da jama'a suka ga mai shari'a da kansa ya ɗauka, sai suka samu izini, suka bi bayansa, ginin ya cika.

In an fara sai an kai ƙarshe. Ta ba da na biyu.

"Ya ce ku tuɓe baƙar riga, ku tsaya inda talaka ke tsayawa."

Ya ɗauka.

"Wa ya sayar da inuwar marayu, wa ya sa wa matattu kwaɗo?"

Wannan babu shi a waƙar, nan take ta ƙera shi, kuma kowa ya gane. Muryarsa ta ɗan karye a tsakiya, amma bai saki ba. Haka suka tafi, tana bayarwa yana ɗauka, har baitin ƙarshe inda ake gaya wa masu mulki cewa riga ba ta bin kowa kabari. Mata suna kuka, maza suna buga ƙafa a katako. In daga waje ka shigo sai ka rantse Ruhu ne ya sauko. Mai kyamara ba ta san dawar garin ba, ta yi ta ɗauka tana murmushi.

Da aka ba shi dama ya yi magana, ko zaɓe bai ambata ba. Ya ce a ƙarƙashin bencin can ya koyi cewa akwai kotun da ta fi tasa, yana kuma gode wa Mama Crump da ta tuna masa. Aka tafa. Renita ta matse hannun uwarta, ta raɗa mata cewa wataƙila ma hakan ya fi. Ozella ta zare hannunta. Ta san mutumin nan tun yana rarrafe.

Bayan sujada aka fita cin abinci a gindin bishiyoyi, soyayyar kaza da ganye da burodin masara. Ya same ta a bayan kicin, zaune ita kaɗai kan kujerar roba. Sai da ya waiga ya tabbata mai kyamara tana can wajen kaza.

"Kin huce, Mama?"

"Ka iya amshi, Gyaɗa. Murɗe kunnen bai tafi a banza ba."

Ya ce rabon da a kira shi da sunan nan tun rasuwar kakarsa. Sannan ya sauke murya, ya yi mata bayani a natse irin na lauyoyi. Da safen nan da niyyar sa hannu a buɗe ƙofar tudu ya fito daga gida. Yanzu kuwa coci guda ya ga mai ƙara ta tsaya ta yi masa waƙa a fuska ana gobe zama, ga kuma kyamara. In ya buɗe ƙofar gobe, lauyan Memphis zai ce an matsa wa kotu, abokin takararsa zai ce ga alƙalin da tsohuwa ke juyawa da waƙa. Dole ya janye daga shari'ar, a miƙa ta ga wani alƙali daga wata gunduma, shi kuma sai ya samu lokaci.

"Yaushe ke nan?"

"Bayan zaɓe, in an yi sa'a."

"Mijina ba zai kai bayan zaɓe ba."

"Na sani, Mama. Ke kika ɗaure min hannu."

"Wancan karon doka ce ta ɗaure. Kai kullum hannunka a ɗaure yake, amma agwagwa ba ta taɓa kuɓuce maka ba."

Bai yi fushi ba. Ya sunkuya zai sake sumbatarta, ta kawar da fuska, ya sumbaci hularta ya tafi.

Litinin ya janye, kamar yadda ya faɗa. Lauya ya yi ta buge-bugen waya, da ƙyar aka samu alƙalin da zai karɓa, shi kuma ya sa rana can kusa da Kirsimeti. Kuma lauyan bai ɓoye musu ba, a gaban baƙon alƙali bai ga alamar nasara ba. Ozella ta ce a jira. Renita ta ce ita ta san abin da firji ke yi wa fuskar mutum, ba za ta bar ubanta a ciki har Kirsimeti ba don wata ta kare waƙarta. A gaban dangi ta faɗa, ba ta ɗaga murya ba. Ozella ta sakar mata, abin da ba a taɓa gani ba.

Ranar Asabar aka binne Cleotis Crump a maƙabartar gari, a layin ƙarshe, jikin wayar da ta raba matattu da babban titi. Fasto sai da ya riƙa ɗaga murya saboda tireloli. Purvis ne ya ba da waƙa, ya ja ta har 'yan Detroit suka fara sauya ƙafa.

Har yau garin a rabe yake. Wasu sun ce da ma ba zai sa hannu ba, mutanen Memphis ne ke ciyar da kamfen ɗinsa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski, waƙar dai ƙofar fita ta ba shi. Wasu sun ce tsohuwa mai taurin kai ta musanya kabarin mijinta da baiti. Wendell kaɗai ya san gaskiya, in ma shi ɗin ya sani. Ya ci zaɓe ba da wahala ba. Hoton da ya sunkuya yana sumbatar Ozella shi aka manna a kowane turken lantarki, an rubuta ɗan gida a ƙasa. Masu jiran su ji cewa tsawa ta faɗo masa su haƙura. Yana nan lafiya lau, ya yi jikoki, hawan jininsa ma ya sauka.

Ozella tana nan tana ba da waƙa. Jama'a suna ɗauka, amma in ta ja numfashin farko sai ka ga kafaɗu sun ɗan ɗaga, sai sun ji wadda ta fito sannan su sauke. Ta sa an ajiye mata gurbi kusa da Cleotis, jikin wayar. Ta ce ta riga ta raba shi da uwarsa, ba za ta ƙara masa da nata ba.

Renita ta yi watanni ba ta kira ba. Sai da ciyawa ta fara tsirowa ta zo ba sanarwa, ta ce a shiga mota a je a gyara kabari. Suka yi ta aiki, Renita tana tuge ciyawa, uwar tana fama da manjagara tana janye ledoji da gwangwanayen da iskar titi ta tara a jikin dutsen kabarin. Can Renita ta tsaya, ba ta kalle ta ba.

"Mama, da kin san abin da zai biyo baya, za ki ba da ita?"

Wata tirela ta taho, ƙasa tana rawa a ƙarƙashinsu. Ozella ta jira har ta wuce.

"Da zan iya ce miki a'a, da tuni na samu barci."

Renita ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. Ta zare manjagarar daga hannun uwarta, ta ce ta je ta zauna a mota, rana ta yi zafi.